Tsakanin Dutse da Zinariya: Labarin Ƙananan Kamfanonin Haƙo na Rand, 1886–1896

Gabatarwa

Kalmar zinariya baƙuwa ce a bakin Bahaushe. Masana harshe sun nuna asalinta daga dinari ne na Larabawa, watau tsabar kuɗi wadda aka riga aka tace, aka ƙera, aka buga wa hatimi. Haka kuma miskali, ma'aunin da fatake su ke auna ta da shi, daga Larabci muka aro shi. Wannan alama ce ta cewa yawancin kakanninmu a kasuwa suka san zinariya, bayan ta rabu da dutsen da ta ke ciki. Har yanzu in aka ce wane ya sami ramin zinariya, abin da ya kan faɗo wa mai sauraro a rai shi ne dunƙule ja wur yana jiran mai ɗauka. Alhali kuwa abin da ke fitowa daga rami dutse ne. Tsakanin dutsen nan da zinariyar da maƙerin fari ya ke saye akwai aiki mai tsawo, mai tsada, wanda shi ne ya kan tsai da kamfanin haƙo ko ya kā da shi.

Nufin wannan maƙala shi ne ta bi labarin abin da ya sami ƙananan kamfanonin haƙar zinariya na Afirka ta Kudu, da mutanen da suka zuba musu dukiya, sa'ad da dutsen ya ƙi sakin zinariyarsa cikin 1889. Za mu ga yadda aka samo magani, da hannun waɗanda ribar maganin ta faɗa.

Yadda aka fara

Cikin 1886 wani mai neman ma'adinai, George Harrison, ya ci karo da bakin jijiyar zinariya a wata gona mai suna Langlaagte, a kan tudun Witwatersrand, wanda a ke gajarta sunansa a ce Rand. Ƙasar a lokacin ita ce Jamhuriyar Transvaal ta Turawan Bowa, shugabanta kuwa Paul Kruger. A watan Satumba na shekarar gwamnati ta yi shelar buɗe gonakin wurin ga masu haƙa, kafin shekara ta ƙare garin Johannesburg ya tsiro.

Dutsen Rand dabam ya ke da abin da masu neman zinariya suka saba gani a Kalifoniya ko Ostireliya, inda mutum ɗaya da shebur da tasa ya kan wanke yashin rafi ya sami rabonsa. A nan tsakuwoyi ne farare manne cikin wani dutse, kamar gyaɗa cikin alewa, zinariyar kuwa tana cikin abin da ya manne su, ƙanana ƙwarai har ido bai cika ganinsu ba. Galibi tan guda na dutse bai kai ya ba da oza ɗaya ba, oza ɗaya kuwa miskali bakwai ne da ɗan ɗori. Abin da ya ba wurin daraja shi ne yawan dutsen, domin jijiyar ta miƙe mil da yawa gabas da yamma, ta kuma karkata ta nutse cikin ƙasa ta wajen kudu. Irin wannan arziki ba ya ɗibuwa da hannu. Sai da injin daka, da tukunyar tururi, da gawayi, da ma'aikata masu yawa. Jirgin ƙasa kuwa bai iso Johannesburg ba sai 1892, saboda haka kowane ƙarfe a keken shanu a ke jawo shi, yawanci daga Kimberley, tafiyar wajen mil 300.

Kamfani da hannun jari

Da ya ke mutum ɗaya ba ya iya ɗaukar wannan nauyi, sai aka shiga kafa kamfanoni. Dokar ƙasar ta yanka filin haƙa gunduwa gunduwa, kowace ƙafa 150 a tsawon jijiya, ƙafa 400 a faɗi. Mai 'yan gunduwoyi ya kan haɗa kai da dillali su kafa kamfani, su raba jarinsa hannu hannu, galibi kowane hannu fam ɗaya. Wanda ya sayi hannu ya zama yana da rabo cikin riba in an samu, in kuwa aka fāɗi kuɗinsa sun tafi.

A nan ne aibi na farko ya shiga. Masu filin da masu kafa kamfanin su kan ware wa kansu kaso mafi tsoka na hannuwan a matsayin kuɗin filinsu da ladan wahalarsu, ba su zuba ko kwabo ba. Abin da ya rage a ke sayar wa jama'a, daga cikinsa kuma za a sayi inji, a haƙa rami, a biya ma'aikata. Sau da yawa kamfani mai babban jari a takarda, kuɗin aikin da ke cikin akwatinsa kaɗan ne.

Ran 8 ga Nuwamba 1887 Benjamin Woollan ya buɗe kasuwar hannun jari ta Johannesburg. Ciniki ya yi yawa har ya malalo kan titin Simmonds, hukuma ta sa sarƙoƙi ta tare wani yanki na titin domin dillalai. Cikin 1888 da farkon 1889 farashi ya yi ta hawa. Akawu da mai kanti da malamin makaranta, a Cape Town da Kimberley da Landan, kowa yana saye, da yawa kuma da bashin banki su ke saye, su jinginar da hannuwan da suka saya. Kaɗan ne cikinsu suka taɓa ganin ramin da suka mallaki rabo a ciki. Cinikin biri a sama ke nan, amma muddin farashi yana hawa ba mai tambaya.

Turmi da zaiba

Domin a gane abin da ya faru, wajibi ne a san yadda a ke raba zinariya da dutse a zamanin. Injin daka jerin taɓare ne na ƙarfe masu nauyin gaske, inji yana ɗaga su yana saki cikin turmin ƙarfe, ana zuba dutse da ruwa har ya zama kamar kunu. Kunun nan ya kan gangara bisa faranti na jan ƙarfe wanda aka shafe da zaiba. Halin zaiba ne ta kama zinariya in ta taɓa ta, su zama curi ɗaya. Sai a kankare curin, a matse, a gasa shi cikin tukunya rufaffiya, zaiba ta tashi tururi a tare ta a sake aiki da ita, zinariya ta zauna a gindi. Yashin da ya wuce faranti kuwa a tara shi waje guda, tamkar dusa bayan surfe.

A kan dutsen sama wannan hanya ta yi aiki. Iska da ruwan sama sun daɗe suna cinsa, ya yi ja, ya yi taushi, ƙwayoyin zinariya sun saku. Akan sami kimanin kashi 75 cikin 100 na zinariyar da ke ciki. Amma cikin 1889, da ramuka suka kai zurfin ƙafa 100 zuwa 150, sai launin dutse ya sāke, ya koma shuɗi shuɗi, ya yi tauri. An iso inda iska ba ta taɓa shiga ba. A nan zinariya tana cakuɗe da wani ma'adini na baƙin ƙarfe da farar wuta, mai suna fairait. Ƙwayoyinta da yawa suna maƙale jikinsa, zaiba ba ta isa gare su, farar wutar kuma tana ɓata zaibar kanta, ta farfashe ta bi ruwa. Abin da a ke samu ya sauko wajen rabi, wani wuri ma bai kai ba. Mai gwaji ya auna dutse ya ce akwai zinariya, kuma gaskiya ya faɗa, amma rabinta tana tafiya tudun yashi.

Mai sauran sana'o'i in kayan aiki suka yi masa tsada ya kan ƙara kuɗin hajarsa. A wancan zamani mai haƙar zinariya ba shi da wannan dama, domin doka ta yanke farashin da Bankin Ingila ya ke sayenta a lokacin, fam 3 da sule 17 da nai kowace oza mai karat 22. Mu ƙaddara, domin misali kawai, tan guda yana ɗauke da zinariyar sule 60, haƙo shi da daka shi kuma suna cin sule 40. In aka sami kashi 75 cikin 100 an sami sule 45, riba sule 5. In aka sami rabi an sami sule 30, hasara sule 10 a kowane tan. Zinariyar da ke cikin dutsen ba ta ragu ba ko ƙwaya ɗaya, amma kamfanin da ya ke raba riba jiya ya zama kullum ya daka dutse bashi ya ke ƙara wa kansa.

Akwai wata hanya da aka sani tun dā, ta gasa ma'adinin a tanderu a kore farar wuta, sa'an nan a bi shi da iskar kulorin. An gwada ta a ramin Robinson, ta kuma yi aiki. Sai dai tana bukatar tanderu da makamashi da gwanaye, abin da ƙaramin kamfani mai taɓare goma ba shi da halinsa.

Faɗuwar kasuwa

Da labari ya bazu, sai aka ce jijiyar Rand ta ƙare. Farashin hannun jari ya fara sauka cikin 1889, ya yi ta gangarawa har cikin 1890. Bankuna suka nemi bashinsu, masu bashi suka fitar da hannuwansu kasuwa gaba ɗaya, farashi ya ƙara zubewa. Fari kuma ya zo a kan wannan, ciyawa ta ƙone, shanun jan kaya suka kāsa, abinci ya yi tsada a garin. Jama'a da yawa suka tattara nasu ya nasu suka bar Johannesburg. Cikin 1890 bankuna uku na ƙasar Cape suka rushe, Union Bank da Cape of Good Hope Bank da Paarl Bank, cacar hannun jarin zinariya kuwa tana cikin manyan dalilai. A watan Nuwamba na shekarar gidan kuɗi na Baring a Landan ya kusa durƙushewa saboda bashin Ajantina, masu kuɗin Turai suka ƙara damƙe hannunsu. Ƙaramin kamfanin da ke neman jarin da zai sāke tsarin aikinsa ya rasa mai ba shi.

Magani daga Gilasgo

Abin mamaki, an riga an samo maganin tun kafin cutar ta bayyana, kuma daga wani ƙaramin kamfani ne wanda shi ma ya sha irin wannan wuya. Cikin 1884 waɗansu masu kuɗi a Gilasgo ta ƙasar Sikotlan suka kafa Cassel Gold Extracting Company, suka dogara ga wata dabarar tace zinariya da lantarki ta wani mutum mai suna Cassel. Dabarar ba ta yi aiki ba, mai ita kuma ya tafi ya bar su. Sai suka danƙa aikin ga wani saurayi masanin sinadarai, John Stewart MacArthur, wanda ya ke bincike tare da waɗansu likitoci biyu 'yan'uwan juna, Robert Forrest da William Forrest.

An daɗe da sanin cewa ruwan sayanaid, wanda dafi ne mai kisa, yana narkar da zinariya. Scheele na ƙasar Suwidin ya lura da haka cikin 1783, Elsner kuma ya nuna cikin 1846 cewa sai da taimakon iska abin ya ke yiwuwa. Abin da MacArthur da abokansa suka ƙara shi ne mai da wannan sani ya zama sana'a. Suka nuna in aka tsarma sayanaid ƙwarai da ruwa, ya kan narkar da zinariya ya bar yawancin sauran ma'adinai. Suka kuma nuna in aka bi da ruwan ta cikin akwatunan da aka cika da sassaƙen tutiya, zinariyar ta kan sauka kamar baƙin taɓo, a kwashe a narke. Suka karɓi takardar haƙƙin ƙirƙira a watan Oktoba 1887, da wata cikin 1888. Aka fara aiki da hanyar a ramin Crown na Karangahake a ƙasar Niyu Zilan cikin 1889.

Cikin 1890 aka gwada ta a Johannesburg, da farko kusa da ramin Salisbury, daga baya a kan tudun yashin ramin Robinson. Aka zuba yashin da aka yar cikin manyan tankunan katako, aka jiƙa shi kwanaki, zinariya ta fito daga abin da kowa ya ɗauka shara ne. Da aka haɗa zaiba da sayanaid, abin da a ke samu ya tashi zuwa wajen kashi 90 cikin 100. In muka koma kan misalinmu, tan ɗin da ya ke jawo hasarar sule 10 yanzu yana ba da sule 54, ko an cire kuɗin sabon aikin da sauran riba mai kauri. Kafin 1898 ta ƙare Transvaal ta wuce kowace ƙasa, tana fitar da fiye da rubu'in zinariyar da a ke haƙowa a duniya.

Wa ya ci ribar?

Mai karatu zai zaci waɗanda suka zuba dukiyarsu cikin 1888 sun farfaɗo. Kaɗan ne suka farfaɗo. Wanda ya saya da bashi an riga an sayar da hannuwansa a lokacin da ba su da daraja. Masu sayensu kuwa su ne manyan gidajen da suka yi arziki da lu'ulu'un Kimberley: gidan Wernher da Beit, wanda H. Eckstein ke wakilta a Johannesburg, da kamfanin Gold Fields na Cecil Rhodes da Charles Rudd, da gidan Barney Barnato. Waɗannan suna da kuɗin jira, suna kuma da injiniyoyin da za su gaya musu gaskiyar abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Tun kasuwa tana kwance mutanen Eckstein suka yi ta sayen filayen da ke kudu da bakin jijiya, waɗanda a ke gani ba su da amfani, domin sun yi lissafin jijiyar tana ratsawa ta ƙarƙashinsu. Cikin 1893 suka kafa Rand Mines domin haƙa mai zurfi, a shekarar kuma wani gwajin huda ƙasa ya tarad da jijiyar a zurfin da ya wuce ƙafa 2,000.

Ramin irin wannan zurfi ya kan ci shekaru da dukiya mai yawa kafin ya ba da oza ta farko. Saboda haka tsarin sana'ar ya sāke. Ƙananan kamfanoni suka shiga ƙarƙashin manyan gidaje, kowane gida yana riƙe da jerin ramuka, shi ke nemo musu jari, shi ke ba su injiniya da akawu, shi ke naɗa masu gudanarwa. Ƙaramin mai hannun jari bai ɓace ba, amma ya zama ɗan rakiya. Cikin 1895 aka sāke wani hawan farashi a Landan da Faris wanda ya fi na farko, kafin shekarar ta ƙare ya rushe, ya kuma tafi da dukiyar waɗanda suka shigo daga baya.

Shi ma mai maganin bai tsira da ladansa ba. Kamfanin da ke riƙe da haƙƙinsa a Afirka ta Kudu, African Gold Recovery Company, yana karɓar la'ada a kan zinariyar da aka fitar da hanyar. Masu ramuka, waɗanda suka haɗa kansu cikin ƙungiyar Chamber of Mines, suka ga la'adar ta yi musu nauyi, suka kai ƙara cewa dabarar ba sabuwa ba ce. Cikin 1896 Babbar Kotun Transvaal ta soke takardun. Daga ran nan kowa ya yi aiki da sayanaid kyauta. MacArthur ya koma binciken waɗansu ma'adinai, ya rasu cikin 1920 ba tare da ya tara dukiya ba.

Akwai kuma waɗanda ba a rubuta sunansu a takardar kowane kamfani ba. Da ya ke farashin zinariya a yanke ya ke, dutsen kuma ba mai yalwar zinariya ba ne, hanyar ƙara riba ita ce rage kuɗin aiki, mafi sauƙin ragewa kuwa ladan baƙaƙen ma'aikata. Masu ramuka suka haɗa baki a kan abin da za su biya, aka kafa dokar fasfo mai hana ma'aikaci barin ubangidansa, aka kafa ƙungiyar ɗibar ma'aikata cikin 1896, mafi yawa daga Mozambik, aka kuma zaftare lada cikin 1896 da 1897. Ƙurar dutsen da su ke shaƙa a ƙarƙashin ƙasa ta cinye huhun dubbai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tacewa ta ƙarshe

Ko bayan sayanaid da sauran mataki ɗaya. Sandar da ke fitowa daga tanderun rami ba tsantsa ba ce, akwai azurfa wajen kashi ɗaya cikin goma, da ɗan jan ƙarfe da sauransu. Raba su aikin matata ne. Francis Bowyer Miller, mai gwaji a gidan buga kuɗi na Sidini a Ostireliya, ya fito da hanya cikin 1867: a busa iskar kulorin cikin narkakkiyar zinariya, ta kama azurfa da sauran ƙarafa su taso sama, a bar zinariya mai tsabtar kashi 99.5 cikin 100. Emil Wohlwill a Hambag ta Jamus ya fito da ta lantarki cikin 1874, mai kai wa 99.99. Fiye da shekara talatin zinariyar Rand sai an kai ta Landan a ke yi mata wannan, masu ramuka suna biyan kuɗin jirgi da inshora da ladan matata. Sai cikin 1920 suka kafa tasu, Rand Refinery, a garin Germiston, ta fara aiki cikin 1921. Wannan ma ƙungiyar manyan gidaje ce ta iya gina ta.

Kammalawa

Abin da labarin Rand ya nuna shi ne, wanda ya sayi hannun jari a kamfanin haƙo dutse ya saya, tare da fatan za a iya raba shi da abin da ke cikinsa a kan kuɗin da bai kai darajarsa ba. Mutanen 1888 sun tambayi nawa ne zinariyar da ke cikin tan guda, aka gaya musu, suka saya. Ba su tambayi nawa ne za ta fito ba, ko me ke cakuɗe da ita in an yi zurfi, ko wa ke da hanyar raba su, ko kuɗin da ke akwatin kamfani za su kai shi ranar da za a samo hanyar. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Tambayar abin da ke cakuɗe da zinariya ta taɓa mu a gida, ta hanya mafi muni. Cikin 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarad da yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Dutsen zinariyar da a ke kawowa cikin gidaje ana niƙawa, kafin a bi shi da zaiba, yana ɗauke da dalma mai yawa, ƙurarta ta bi ƙasar tsakar gida inda yara ke wasa. Yara wajen 400 suka rasu. A Johannesburg fairait ne ya zo tare da zinariya, ya ci dukiyar masu hannun jari. A Zamfara dalma ce ta zo tare da ita, ba a kuwa auna dutsen an san da ita ba sai bayan an yi jana'iza.